Ƙaiƙayin kare da kwalaben da ake sayo masa

A ƙarshen daminar bara wani dattijo da muke maƙwabtaka da shi a Badariya, nan cikin Birnin Kebbi, ya aiko yaro ya kira ni. Ni ba likita ba ne. Ya dai san na taso a gidan da ake kiwon karnukan farauta, kuma na daɗe ina bin diddigin lafiyarsu. Na tarar da shi tsaye bakin kejin karensa na gadi, irin Alsheshan ɗin nan na Jamus, da leda a hannu. Karen na zaune a kan siminti yana susar kunne da ƙafar baya ba ƙaƙƙautawa, har kana jin gwiwarsa na bugun ƙasa. Gefen kunnuwansa ya yi ɓawo kamar an barbaɗa gari, gashin gwiwoyin gaba ya zube, fatar cikinsa ta yi jajir.

"Dubi abin da na kashe wa wanga kare," in ji shi, ya zazzage ledar a kan benci. Kwalabe uku ne: ɗaya ta man kifi, ɗaya ta wasu ƙwayoyi masu laushi da ake taunawa, ɗaya ta gari. Ɗansa ne ya yi odarsu daga Legas ta waya. "Wata biyu ke nan kullum sai an ba shi. Sun ce alaji ne."

Na ce, "Alhaji, wa ya duba shi ya ce alaji ne?"

Ya ce ba kowa, ɗan nasa ne ya karanta a intanet, alamomin duk sun zo daidai.

Na durƙusa na murza gefen kunnen karen tsakanin yatsu biyu. Nan take ƙafarsa ta baya ta hau harbin iska. Na tambayi yaron da ke wanke kejin ko shi ma yana jin wani abu, sai ya naɗe hannun riga, ga ƙananan ƙuraje jere a damatsansa. Washegari muka kai karen wurin likitan dabbobi, ya kankare fatar gwiwa da reza har ta ɗan tsattsafo da jini, ya ɗora a gilashi ya leƙa ta madubin da ke girmama ƙananan halittu. Ƙwaron ƙazuwa ne, yana motsi. Wata biyu an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya sa wannan lamari ya tsaya mini a rai shi ne Alhaji bai yi sakaci ba. Ya damu da dabbarsa, ya fitar da kuɗin da za su ciyar da karen nama da kifi na makonni, amma kuɗin sun tafi inda ba su da aiki. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun da masu hali a Birnin Kebbi, Jega, Yauri da Zuru suka fara ajiye manyan karnukan waje don gadi, su Alsheshan da Bowabul da Kokeshiyan, kasuwar abin da ake kira ƙarin sinadaran abinci ta biyo su, da hotunan karnuka masu sheƙi a jikin kwalba. Ina ganin ya kamata mu zauna mu rarrabe: wane ne cikin kayan nan yake da amfani, ga wane irin kare, kuma a wane mataki.

Waɗanda suka rubuta bayanan da ɗan Alhaji ya karanta ba ƙarya suka yi ba. Sai dai da karen Ingila ko Amurka suke magana, wanda ke cin abincin kamfani da aka auna komai a ciki, ake ba shi maganin ƙuma a kai a kai, yake kwana a ɗaki. In irin wannan kare ya dage da susa, an riga an toshe yawancin ƙofofin, sai borin jini, wato alaji, ya rage a matsayin abin zargi. A can ma ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne kusan kare ɗaya cikin goma ke fama da shi. Mu a nan jerin a juye yake. Karen da ke kwana a kan yashi, yana cuɗanya da karnukan unguwa, yana cin ragowar tuwo, abin da ya fi kusa da fatarsa ƙwari ne, sai yunwar da ba ta nunawa a tumbi, sannan daga can baya alaji.

Ƙwarin nan kuwa kowane da sawunsa, in mutum ya saba kallo. Ƙazuwar da ta kama karen Alhaji ta fi son gefen kunne, gwiwoyi da ƙasan ciki, ƙaiƙayinta ba ya barin barci, tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma taɓa mutanen gida na ɗan lokaci. Ba kullum ake samun ƙwaron a kankarar farko ba, shi ya sa likita mai ƙwarewa kan ba da magani bisa zato mai ƙarfi ko da madubi bai nuna komai ba. Akwai wata ƙazuwar ta daban da ƙwaronta ke zaune cikin ramin gashi, ta fi kama 'yan kwikwiyo da matasan karnuka, tana zubar da gashi kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, sau da yawa ba tare da susa mai yawa ba. Ƙuma ita ce mai bayan kare, daga tsakiyar gadon baya zuwa gindin wutsiya da cinyoyi. In kana shakka, taje gashin a kan farin ƙyalle mai danshi. Baƙin garin da ya zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne ta sha. Macen ƙuma ɗaya kan zuba ƙwai har 40 zuwa 50 a rana, kuma yawancin zuriyarta ba a jikin karen take ba, tana cikin buhun da yake kwanciya da tsagar siminti. Wasu karnukan jininsu ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya tayar musu da susar makonni. Wannan shi ne borin jinin da ya fi kowane yawa a ƙasashe masu zafi, maganinsa kuma kashe ƙuma ne a jiki da makwanci. Sai kaska, sai makero, sai ƙudan da ke zuba ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta yi maruru mai ƙaramin baki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da man kifi ko bitamin zai kora.

Na san akwai mai cewa, kare ne fa, har a tsaya wannan dogon lissafi? Musulunci ya halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma duk mun san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wanda ka ɗaure a gidanka yana kwana ido biyu dominka, hakkinsa na wuyanka. Ban da haka, ƙazuwa da makero ba sa tsayawa a keji. Yaran gida ne ke kwasa.

In an gama da ƙwari, tambaya ta gaba ita ce me ke cikin kwanon karen. A nan ne nake ganin maganar ƙarin sinadarai take da gindi a ƙasarmu, ko da yake ba ta fuskar da masu talla ke nunawa ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mafarauci ne a wani ƙauye kusa da Argungu. Ina yaro nakan je hutu wurinsa. Abincin karnukansa a yawancin shekara dusa ce da aka dama da ruwan zafi, da ƙanzo, da abin da ya rage a tukunya. Da bazara ta yi nisa za ka ga gashinsu ya dushe, ya yi kaushi kamar tsohuwar tabarma, jajayen sun koma ruwan ƙasa. Amma in ruwa ya ja baya kifi ya yi araha, sai ya sa a tara kawuna da kayan ciki, a tafasa su a wata tsohuwar tukunya da aka keɓe, a zuba romon da naman a kan dusar. Kafin wata biyu sai ka rantse an sauya karnukan. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wanka kake musu?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kare ba ya iya ɓoye abin da ya ci. Gashinsa ke faɗi." Bai san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma abin da ya gani shi ne abin da ke cikin littattafan likitoci.

Gashi kusan dukkansa furotin ne. Masana sun ƙiyasta cewa fata da gashi kaɗai kan cinye har kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na furotin da kare ke buƙata a rana. In abinci ya gaza, jiki yana fara kula da zuciya da hanta da tsoka, gashi ne ake fara yanke wa rabo. Hatsi yana cika ciki, amma furotin ɗinsa kaɗan ne kuma bai cika ba.

Dusa tana da wata matsalar da ba a cika sani ba. A ɓawon hatsi akwai wani sinadari da ake kira fayitet, wanda ke damƙe ma'adinin zinki a cikin hanji ya hana jiki ɗaukarsa. Zinki kuwa shi fata ke dogaro da shi wajen sabunta kanta da warkar da rauni. Karen da ya rasa shi yakan yi ɓawo mai kauri kewayen ido, baki, kunne da gwiwa, tafin ƙafarsa ya yi tauri ya tsattsage, kuma mai kallo daga nesa zai ce ƙazuwa ce ko alaji. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a jihar nan, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, injinan casa sun yawaita, dusar shinkafa ta wadata, ita kuma tana cikin waɗanda suka fi yawan fayitet. Ga kaji da tumaki da shanu akwai yadda ake sarrafa ta. Ga kare, in ita ce ginshiƙin abincinsa, fatarsa za ta biya. Jiƙa hatsi ya kwana ya ɗan yi tsami, irin yadda ake yi wa na koko, yana rage wannan sinadari, amma ba ya maye gurbin nama.

Masu manyan karnukan waje kuma sukan faɗa ramin ta wata hanyar. Don son kwikwiyo ya yi ƙashi ya girma da sauri, sai a riƙa ɗura masa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam. Yawan kalsiyam shi ma yana tare hanyar zinki, ban da illar da yake wa gaɓoɓin kwikwiyon babban iri da ke kan girma. Wato ƙarin da aka saya da kuɗi shi ne ya jawo ciwon fatar da za a sake sayen wani ƙarin dominsa. A irin wannan hali, cire kalsiyam ɗin da gyara abinci da nama, hanta kaɗan da dafaffen ƙwai shi ne matakin farko. Ƙwayar zinki tana aiki ƙwarai in an tabbatar da rashinsa, amma likita ne zai auna, domin yawansa yana sa amai, yana kuma hana jiki ɗaukar wasu ma'adinan. Ƙwai kuwa a dafa shi. A farin ɗanyen ƙwai akwai abin da ke kama bayotin, ɗaya daga cikin bitamin ɗin da fata ke buƙata, wuta ce ke kashe masa ƙarfi.

To, a ce an kori ƙwari, an gyara kwano, kare bai daina susa ba. Yanzu ne kalmar alaji ta sami wurin zama. Bayan na ƙuma, irin wanda ya fi yawa na gado ne: garkuwar jikin karen tana ɗaukar abubuwan da ba su da laifi, kamar ƙurar furen ciyawa, funfuna, da ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki, a matsayin abokan gaba. Yakan fara tsakanin wata shida da shekara uku. Za ka ga kare yana lasar tafin ƙafa har gashin wurin ya rine, yana goga fuska a bango, hammata da makwankwaso sun yi ja, kunne yana yawan ciwo da wari. Alsheshan yana cikin jinsunan da aka sani da shi. Ba a warkewa daga gare shi, lallaɓa shi ake yi.

Don a gane inda mai ke shigowa, a ɗauki fata kamar katangar gida. Ƙwayoyin saman fata su ne tubalin, wani maiƙo da jiki ke haɗawa shi ne ƙasar da ke riƙe su. A karen da ke da wannan larura ƙasar ba ta da danƙo, ruwa na fita, ƙura na shiga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin bakteriya da yis da dama can suna zaune lafiya a saman fata sai su samu ƙofa, su ƙara wa wuta mai. Hunturu yana tsananta wannan, haka ma wanka da omo ko sabulun wanki, wanda ke kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Jikin kare ba ya iya ƙera wani mai da ake kira linoleyik, daga dangin omega-6, sai dai ya samu a abinci, kuma da shi ake haɗa wannan ƙasa mai danƙo. Ba sai an je nesa ba: kusan kashi 30 cikin ɗari na man gyaɗa shi ne, man waken suya ya kai rabi, manja kuwa bai wuce kashi 10 ba. Ƙaramin cokali na man gyaɗa a kan abincin karen da ke fama da bushewar fata da amosani yakan nuna bambanci cikin 'yan makonni.

Man kifi aikinsa daban. Yana ɗauke da omega-3 iri biyu, EPA da DHA, waɗanda ke shiga cikin ƙwayoyin jiki su rage ƙarfin sinadaran da ke hura kumburi da ƙaiƙayi. Cikin duk kayan da ake tallatawa don fatar kare, shi ne ya fi samun goyon bayan bincike, kuma ina ganin a faɗi ƙarfinsa daidai yadda yake, kada a ƙara kada a rage. Wani gwaji da aka yi a Norway aka wallafa a 2004 ya nuna karnukan da aka haɗa wa man kifi da wani man tsiro sun buƙaci ƙasa da maganin sitiroyid, mai danne kumburi da ƙaiƙayi, fiye da waɗanda ba a ba su ba, amma sai bayan kusan wata biyu bambancin ya fito. Ke nan mataimaki ne. Yana rage yawan maganin da za a sha, yana gyara gashi, amma da wuya ya tsayar da susa mai tsanani shi kaɗai, kuma wanda ya gwada shi mako biyu ya ce bai ga komai ba, bai gwada ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne awo. Kafson man kifi na yau da kullum an rubuta masa miligiram 1000, amma abin da ke aiki a ciki galibi 180 ne na EPA da 120 na DHA. Gwajin da aka yi a Fulorida ta Amurka a 1994, wanda har yau ake kafa hujja da shi, ya ba da kafso ɗaya irin wannan ga kowane kilo huɗu da rabi na nauyin kare. Karen Alhaji ya kai kilo 35, wato yana buƙatar bakwai ko takwas a rana. Ɗaya ake ba shi. Ko da alaji ne ke damunsa tun farko, da wannan awon ba a je ko'ina ba. In kuma za a kai awon da ya dace, a hau a hankali, domin yawan mai lokaci guda yana sa zawo, yana sa ƙiba, kuma yana iya jinkirta daskarewar jini.

Sai zafin garinmu. Omega-3 mai ne mai saurin lalacewa in ya haɗu da zafi da iska da haske. A Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Kwalbar da ta kwana a bayan mota daga Legas, ta zauna a kantar shago ƙarƙashin kwano, sannan aka ajiye ta a tagar ɗakin maigadi, ba lallai abin da ke cikinta ya zama abin da aka rubuta ba. A fasa kafso ɗaya a shinshina. In ya tashi daga ƙarnin kifi ya koma wari mai kaifi mai hawa kai, a zubar. Haka kuma kada a ɗauki man hantar kifi da ake sayarwa a kemis don yara a ce ai duk ɗaya ne. Shi yana cike da bitamin A da D, waɗanda ke taruwa a jiki. In aka ba da shi da yawan da zai kai awon omega-3, za a wuce iyaka a waɗancan, kuma yawan bitamin D yana lalata ƙoda. Man irin tsirrai da ake cewa yana da omega-3 shi ma ba irin wanda ake nema ba ne, jikin kare kaɗan yake iya juyawa zuwa EPA.

Ni dai in aka tambaye ni, kasuwar kifi nake nunawa. Sai dai a nan ma akwai abin lura da bai yi wa ɗan Kabi daɗin ji ba. Kifinmu na kogi, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwan da ake alfahari da shi a Matan Fada, abinci ne mai kyau, furotin ne na gaske, shi ya gyara karnukan Kawu. Amma a yawan omega-3 bai kamo kifin teku mai maiƙo ba, irin titus da shawa da ake kawowa a ƙanƙara. Giram 100 na dafaffen titus yana da fiye da giram ɗaya na EPA da DHA, kwatankwacin kafso huɗu. A dafa shi, a cire ƙaya, kada a sa gishiri da yaji. Ɗanyen kifi yana iya zuwa da tsutsa, wasu nau'o'in kuma suna da abin da ke rusa bitamin B1 in ba a dafa ba.

Akwai kuma karnukan da abinci ne da kansa ke tayar musu da fata, ko da yake sun fi ƙaranci. Wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin karnuka 297 ya samu naman shanu a gaba da kashi 34 cikin ɗari, sai madara da 17, kaza da 15, alkama da 13. Gwajin jini ba abin dogaro ba ne a nan. Hanyar da aka yarda da ita ita ce a ɗora kare a kan nama guda da bai taɓa ci ba, kamar zomo, da abin cika ciki guda, kamar dankali, har mako takwas ba a haɗa da komai ba, sannan a dawo da tsohon abincin a ga ko susar za ta dawo. Wahalar wannan a gidan Bahaushe ita ce yara, da ba za su ga kare yana kallonsu su hana shi loma ba. Wahala ta biyu ita ce kwalaben nan. Na juya ta ƙwayoyin taunawar da Alhaji ya saya, aka karanta mini jerin abin da ke ciki: an ɗanɗana su da hantar kaza. Da kaza ce matsalar karen, da kullum da safe ana ba shi cutarsa da sunan magani.

Garin da ke kwalba ta uku na ƙwayoyin hanji masu amfani ne. Ana bincike a kansu, sakamakon ya zuwa yanzu bai taka kara ya karya ba a sha'anin fata, kuma halittu ne masu rai da zafi ke kashewa. Wasu kan ce to a ba da kindirmo, amma madara tana cikin manyan masu tayar da borin abinci, kuma manyan karnuka da yawa ba sa narkar da ita. Zogale da man habbatus sauda suna da masoya, ni ma ina amfani da su a gidana, amma babu hujja mai ƙarfi cewa suna kwantar da alajin kare. Man kaɗe yana tausasa gwiwa da tafin ƙafar da suka bushe, iyakarsa ke nan.

Wanda nake roƙon a bari gaba ɗaya shi ne tafarnuwa. Ana yaɗa cewa tana korar kaska da ƙuma. Ba ta kora, kuma ita da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu ko busassu. A jihar da Aliero take, inda albasa ba ta yankewa a miya, wanda ke juye ragowar miya da kaskon suya a kwanon kare kullum yana rage masa jini a hankali; sai a ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, a ce kaska ce. Ƙuli-ƙuli da masarar da suka yi funfuna su ma kada a ce bari a ba kare don kada a yi asara, gubar da ke cikinsu hanta take ci, kare kuma ba ya jure ta.

Haka nan baƙin mai na inji da ake shafa wa mai ƙazuwa, da fiya-fiya da ake zubawa a ruwan wanka. Na ga kwikwiyon da aka yi wa na biyun, yana dalala yana karkarwa, bai kai yamma ba. Akwai magungunan ƙazuwa na gaskiya. Ibamektin ya daɗe a hannun likitocinmu, ko da yake akwai jinsunan da ba sa ɗaukarsa, kuma awon shanu ba na kare ba ne. Tun wajen 2013 da 2014 aka fito da sababbin ƙwayoyi irin su NexGard da Bravecto da ke kashe ƙuma da kaska da ƙwaron ƙazuwa gaba ɗaya. Suna da tsada, amma ba su kai kwalabe ukun Alhaji ba. Abin tsoro shi ne allurar deksa, irin maganin nan da wasu ke sha don ƙiba. Tana tsayar da susa cikin kwana ɗaya, mai kare ya yi murna, alhali ta danne garkuwar jiki, ƙazuwa da makero suna ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashi. Saboda haka duk wani garin fata ko ruwan kwalba da ba shi da lambar NAFDAC, ba a rubuta abin da ke ciki da awonsa ba, amma ya kashe ƙaiƙayi cikin dare ɗaya, ni zarginsa nake yi. Abinci ba ya aiki da wannan saurin. Wanda lamarin karensa ya gagari asibitin dabbobi na kusa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, tafiyar 'yan sa'o'i ce daga nan.

Karen Alhaji ya sha maganin ƙazuwa, an ƙone buhunan da yake kwanciya, an wanke kejin, an duba yaron a asibiti. Cikin mako shida gashin kunne da gwiwa ya dawo. Alhaji ya rage dusa, ya sa ana karɓo masa kayan ciki daga mahauta, ana dafa ƙwai biyu sau uku a mako. Hunturu da bazara suka wuce lafiya. Da daminar bana ta kankama ciyawa ta rufe bayan gida, sai karen ya fara lasar ƙafafun gaba, kunnen hagu ya yi ja. Likitan ya sake kankarewa bai ga komai ba, ya taje bai ga ƙuma ba, ya yi maganin kunnen, sannan a karon farko ya ambaci alaji da bakinsa. Yanzu ana dafa wa karen titus ranar Litinin da Alhamis, sauran ranakun a ba shi kafso bakwai daga sabuwar kwalba da ke cikin firjin uwargida, ana kuma ɗauraye masa ƙafafu da ruwa zalla in ya dawo daga zagaye. Lasar ta ragu, ba ta ɗauke ba, a watan Agusta sai da aka haɗa masa da ƙwayar kwana goma. Likitan ya ce a dawo da shi farkon Yuni mai zuwa, kafin ciyawa ta tashi.